Wai an yi wa DPO taransifa, shikenan an hukunta shi?

Abin ya zama kamar al'ada, ɗan sanda zai yi ɓarna, ko a daki wani a caji ofis har ya ji rauni ko a harbi direba a shingen bincike, bidiyo ya fita Facebook, mutane su yi caa, bayan kwana biyu sai ka ji sanarwa daga kakakin rundunar cewa an ɗauke DPO ɗin wurin, wato shugaban caji ofis ɗin, an mayar dashi hedikwata. Sai kowa ya sauke ajiyar zuciya, ana Alhamdulillah an hukunta shi, magana ta mutu. Wallahi wannan abu yana damuna sosai, domin taransifa ba hukunci bace, ba ta taɓa zama hukunci ba a tsarin aikin ɗan sanda, kuma duk ranar da muka yarda an biya mu da ita toh mun yafe haƙƙin wanda aka zalunta ne ba tare da mun sani ba. Mutumin nan yana nan da muƙaminsa, da albashinsa, da bindigarsa, wuri kawai aka canja masa, watakila ma bayan wata shida ka ji shi a wani dibishin ɗin da ya fi na baya girma.

Hukuncin gaskiya a aikin ɗan sanda sunansa daban. Ƙananan ma'aikata, wato kurtu da kofur da saje har zuwa sufeto, akwai zaman ladabtarwa na cikin gida da su kansu suke kira odali rum, a nan ake karanta wa mutum laifinsa ya kare kansa, daga nan ake iya yi masa gargaɗi mai tsanani ko a rage masa girma ko a kore shi. Manyan ofisoshi kuwa daga ASP, wato mataimakin sufurtanda, zuwa sama, takardar tuhuma ake fara basu, sai kwamitin ladabtarwa na hedikwatar Abuja ya zauna, amma wuƙa da nama na hannun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wato PSC, ita ce kundin tsarin mulki ya ba ikon ɗauka da ƙarin girma da kora na kowane ɗan sanda in banda Sufeto Janar, wato IG, shugaban rundunar gaba ɗaya. In kuma abin da aka yi laifi ne na kisa ko azabtarwa, toh duk wannan ma bai isa ba, kotu ce maganarsa, akwai dokar hana azabtarwa ta 2017 da ta ce ko umarnin na gaba da kai ba hujja bane. Ban ce ɗauke mutum daga wurin aikinsa a lokacin bincike kuskure bane, daidai ne ma, don kar ya taɓa shaidu ko ya ɓatar da fayil, amma farkon magana ne, mu kuma nan muke tsayawa mu watse.

Akwai kuma ɗaya gefen. In aka samu DPO ko kwamishina mai kirki, wanda ya matsa wa 'yan daba da dilolin ƙwaya lamba, rana ɗaya aka ji sigina, wato saƙon umarnin canjin wurin aiki, ta zo an ɗauke shi, nan take za a ce ai manya ne suka cire shi don ya taɓa yaransu. Wani lokacin haka ne, ba zan musa ba, ruwa baya tsami banza. Amma sau da yawa dalilin bai kai nan ba, tsarin muƙamai ne kawai. Kowace kujera a rundunar da girman da ake so mai riƙe ta ya kasance, dibishin yawanci sufurtanda (SP) ko babban sufurtanda (CSP) ke riƙewa, eriya kwamanda mataimakin kwamishina (ACP) ne, jiha kwamishina, shiyya kuma mataimakin Sufeto Janar (AIG), kuma shiyyoyin nan tun 2020 aka ƙara su daga 12 zuwa 17. Kaga kenan ranar da aka ƙara wa CSP girma ya zama ACP ba zai ci gaba da zama DPO ba ko da duk mutanen garin sun fito sun roƙa, haka ranar da kwamishina ya zama AIG dole ya bar jihar. Sannan ga ritaya, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Babban ofisa ɗaya in ya ajiye aiki sai an motsa mutum huɗu ko biyar a ƙasansa kafin a cike guraben, shi yasa sigina ɗaya za ka ga ta kwaso sunaye da yawa lokaci guda.

Kuma a nan ne nake ganin ainihin illar take, wadda bama cika magana akanta ba. Da yawa basa kaiwa muƙamin kwamishina sai aikinsu ya zo gangara, saura shekara biyu ko uku, sai a kawo mutum jihar da bai taɓa aiki a cikinta ba, kafin ya gama gane wane daji ne ya haɗe da wane, wane hakimi ne ake jin maganarsa, wane DPO ne amintacce wane ne na bogi, an ƙara masa girma ko ya yi ritaya, an kawo wani a fara daga farko. Jiha sai ta ga kwamishinoni biyu ko uku cikin ɗan taƙaitaccen lokaci. Ɗan bindigan da ke daji kuwa ba a yi masa taransifa, shekara goma yana wuri ɗaya, ya san kowace hanya da kowane mai kai masa labari. Ni a ganina wannan rashin daɗewar ya fi cutar da mu fiye da duk wata maƙarƙashiyar da muke zargi.

Toh waye ma yake tura su? Nan ma akwai ruɗani babba. Mutane da yawa gani suke gwamna ne ke kawo kwamishina, shi ke cire shi, tunda ana ce masa babban jami'in tsaro na jiha. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi rundunar 'yan sanda ɗaya ce tal a Najeriya, ba a yarda a kafa wata ba, ko ta jiha ko ta ƙaramar hukuma. Sashe na 215 ya ce shugaban ƙasa ke naɗa Sufeto Janar bisa shawarar Majalisar 'Yan Sanda, kwamishinan jiha kuma PSC ce ke naɗa shi, a aikace IG ne ke miƙa sunaye hukumar ta amince. A cikin jiha kuma kwamishina ne ke rarraba DPO-DPO. Gwamna yana da damar ba kwamishina umarni kan zaman lafiyar jama'a, haka ne, amma sashen nan dai ya ba kwamishinan damar ya ce a dakata sai an ji ta bakin shugaban ƙasa ko ministan da aka wakilta kafin ya aiwatar. Wannan ɗan layin shine tushen duk kukan da gwamnoni suke yi, shi yasa a 2018 Abdul'aziz Yari yana gwamnan Zamfara ya fito ya ce ya ajiye wannan suna na babban jami'in tsaro tunda bashi da iko da jami'an.

Amma kar kuma a ɗauka gwamna ɗan kallo ne. Duk gwamnonin nan 36 mambobi ne a Majalisar 'Yan Sandan da na ambata, tare da shugaban ƙasa da shugaban PSC da IG. Su ne ke sayen motocin sintiri, su ne ke bada mai da alawus a mafi yawan ayyukan haɗin gwiwa, suna da kuɗin tsaron da ba kowa ke sanin lissafinsa ba, kuma kwamishinan da bashi da mota bashi da mai dole ya san hanyar gidan gwamnati. Gwamnan da suke ɗasawa da Abuja in baya son kwamishina, da wuya kwamishinan ya daɗe. Saboda haka in gwamna ya ce bani da iko, rabin gaskiya ya faɗa, bashi da ikon takarda amma yana da ikon aljihu, kuma ya kamata a riƙa tambayarsa me ya yi da wannan ɗin.

Tambayar da na fi ji a bakin mutane ita ce, me yasa za a ɗauko mutumin da baya jin yarenmu a kawo mana, namu kuma a kai shi can wata uwa duniya? Wasu har fassara suke ba abin, wai an turo su ne da gangan don a danne mu. Wannan tsari ya girmi duk wanda ke raye yau. Asalin rundunar ana danganta shi da wasu masu gadi su 30 da Turawa suka kafa a Legas a 1861, kuma a 1879 aka kafa wata runduna mai ɗauke da makamai da ake kira da sunan Hausawa, tana aiki a ƙasar da ba tata ba, don dabarar Bature ita ce baƙo ya tsare baƙo, wanda bashi da dangi a wuri ba zai ji nauyin kowa ba. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu ta zama ɗaya. Amma a lokacin ba ita kaɗai bace, a Arewa akwai 'yan doka na En'e, 'yan gari ne, sun san kowa kowa ya sansu, suna ƙarƙashin sarakuna. Duk wanda ya zauna da dattawan da suka yi siyasar NEPU ya ji irin abin da aka yi da 'yan dokan nan a jamhuriya ta farko, kamu da ɗauri da hana taro ga duk wanda ba ya jam'iyyar masu mulki, haka ma aka yi da 'yan sandan ƙananan hukumomi a jihar Yamma. Wannan na cikin manyan dalilan da yasa gwamnatin soja ta Gowon ta rushe su ta zuba su cikin rundunar tarayya. Kenan ba daga sama tsarin ya faɗo ba, an gwada ɗan gida an ga abin da ya haifar.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Ɗan sandan da baya jin yaren mutane sai da tafinta, ta yaya tsohuwa za ta raɗa masa cewa akwai baƙin fuska da ke kwana a kangon bayan gidanta? Aikin nan fa rabinsa jin ƙishin-ƙishin ne. Ɗan gida kuma matsalarsa ranar da aka ce ya kamo ɗan yayarsa ko surukin mai unguwa. Shi yasa a 'yan shekarun nan aka koma tura sabbin kurata jihohinsu da ƙananan hukumominsu na asali da sunan aikin ɗan sanda na cikin al'umma, manyan ofisoshi kuma ana ci gaba da juya su ko ina a ƙasa. Ni wannan rabon ya kwanta min, na ƙasa ya zama mai jin yare da sanin lungu, na sama ya zama wanda ba a haɗa jini dashi ba, da sharaɗin a bar na saman ya daɗe har ya san wurin.

Wani abin da bama dubawa shine yadda taransifar take a wurin shi mai kakin. Mu muna ganin suna ne a takarda, shi kuwa sigina ce za ta zo a ce ya je ya kama aiki a jihar da tafiyarta kwana guda ce, yara suna tsakiyar zangon karatu, matar tana ɗan kasuwancinta, can inda za shi babu tabbacin ɗaki a bariki, barikin ma duk wanda ya taɓa shiga ya san halin da yawancinsu suke ciki. Kuɗin tafiyar da ya kamata a bashi, kukan da suke yi kullum shine baya zuwa akan lokaci in ma ya zo. Da yawa barin iyalin suke a baya su tafi su kaɗai, su kwana a ofis ko cikin mota har su samu wurin zama. Na san wani saje da muka yi zaman haya gida ɗaya, shekara uku iyalinsa na ganinsa ne sau ɗaya a wata biyu, ɗansa na fari har ya gama firamare uban bai taɓa zuwa makarantar ba. Ba wai ina wanke kowa bane, amma mutumin da aka jefa cikin wannan hali aka miƙa masa bindiga aka tsayar dashi a titi tun asuba, in ya zama mai saurin fushi bai kamata mu yi mamaki ba, kuma wanda ya tsara hakan yana da kaso a laifin.

Batun wuri mai maiƙo kuwa, a nan jama'a basu yi kuskure ba, akwai shi. Akwai wuraren da ake rububinsu, manyan kasuwanni, tashar jiragen ruwa, manyan hanyoyin da tireloli ke bi, gadin kamfanonin mai da bankuna, bin bayan manyan mutane, akwai kuma inda in an tura mutum sai 'yan uwa su fara yi masa addu'a. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2010 kan cin hanci a rundunar ya yi bayanin yadda na ƙasa ke tara kuɗi a titi yana kai wa na sama kaso, da yadda wasu ke biya don a tura su inda ake samu. In ka fahimci wannan za ka gane cewa kuɗin da kurtu ya karɓa a hannun direba ba duka ke kwana a aljihunsa ba. Inda muka yi kuskure shine da muke ɗauka kowa a cikinsu haka ya samu wurinsa. Mafi yawa basu da uwa a gindin murhu, inda aka jefa su nan suke faɗawa, kuma su ne za ka samu a ƙauyen da ofishin nasu mutum shida ne da babur ɗaya. Mu kuma da yake su muke iya gani, su muke zagi, an bar jaki ana dukan taiki.

Ga kuma maganar yawa. Adadin da aka daɗe ana ambato shine 'yan sanda wajen dubu 370 ga mutane sama da miliyan 200, wannan ma ya yi kaɗan, amma ko su ɗin ba duka ke aikin jama'a ba. A 2018 Mike Okiro, tsohon IG ne kuma a lokacin shine shugaban PSC, ya faɗa da bakinsa cewa sama da dubu 150 suna gadin manyan mutane ne da wasu da basu ma cancanta ba. An sha bada umarnin a janye su, IG bayan IG, sai a janye na ɗan lokaci a hankali su koma. Saboda haka in ka kira ofis cikin dare aka ce babu mutane ko babu mota, ba lallai ƙarya ake maka ba, mutanen suna can ƙofar wani gida suna buɗe get.

Bari in dawo kan aikin kansa, don a nan mu ma muna da namu laifin, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Abu na farko shine bashi. Mutum zai ranta wa abokinsa kuɗi, ko a yi cinikin fili a samu saɓani, ko ɗinki ya wuce ranar alkawari, sai a garzaya caji ofis a ce a kamo shi a rufe sai ya biya. Ɗan sanda ba mai karɓar bashi bane. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi ma suka yi irin tasu, da sabuwar dokar 'yan sanda da Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba 2020 wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1943, duk sun hana kama mutum kan rikicin da ba laifi bane, irin saɓa yarjejeniyar ciniki. Wannan aikin kotu ne. In akwai damfara a ciki wannan daban, laifi ne. Amma mu ne muke kai musu, har mu yi alkawarin kaso in kuɗin ya fito, gobe kuma in wani mai ƙarfi ya yi mana irin haka mu ce ƙasa ta lalace. Haka kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ya gudu, dokokin nan biyu sun haramta shi ƙarara, amma har yau akwai masu ƙara da su ne ke nuna gidan suna cewa a ɗauki babansa zai fito.

Sai beli. An rubuta a bangon kusan kowane ofis cewa beli kyauta ne, kuma a doka haka yake, babu ko sisi da aka ce a biya ɗan sanda, abin da ake nema mai tsayawa ne wanda zai kawo mutum ranar da aka buƙace shi, kuma mace ma tana da damar tsayawa, dokar 2015 ta faɗi wannan a fili duk da har yanzu akwai inda ake mayar da mata a ce su je su kawo namiji. Amma abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shine su ga ɓarawon da suka kama da hannunsu suka kai, bayan kwana biyu yana yawo a unguwa, sai a ce shikenan an sayar da kes. Yana faruwa, babu musu. Sai dai a sani sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, in banda manyan laifuka masu hukuncin kisa da ke da nasu tsarin. Ɗan sanda bashi da ikon ajiye mutum wata guda a sel don unguwa ta huce. Ko ya bada beli ko ya kai kotu, kotu kuma tana iya bada nata belin, kuma beli ba sallama bace, shari'a na nan. Manyan laifuka irin kisa da fashi ma ba a dibishin suke ƙarewa ba, sashen binciken manyan laifuka na jiha ake turawa, daga nan fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati, kuma a wannan jiran ne mutane ke ruɓewa, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke ba a yanke musu hukunci ba.

Sannan ranar da aka kira kes ɗin a kotu, ina waɗanda suka kama ɓarawon? Kowa ya noƙe, wannan ya ce baya son shiga harkar hukuma, wancan ya ce yana tsoron yaran su dawo masa, mai kayan ma in an mayar masa da kayansa sai ya ce ya yafe. Alƙali kuma baya ɗaure mutum da labarin unguwa, shaida yake nema. In aka ɗage sau uku sau huɗu babu shaida sai a kori ƙarar, mu kuma mu ce ɗan sanda ya ci kuɗi. Tsoron da mutane ke ji gaskiya ne, don an sha kai rahoto a asirce labari ya koma kunnen wanda aka kai, kuma an sha mayar da mai kawo rahoto ya zama wanda ake tuhuma, wannan laifin rundunar ne kuma ita ce za ta gyara. Amma babu wata rundunar 'yan sanda a duniya da ke gano masu laifi ba tare da bakin jama'a ba. A Amurka cibiyar bincike ta RAND ta yi nazari a 1975 kan aikin masu binciken laifuka, abin da ta gano shine mafi yawan kes ɗin da aka warware, bayanin da wanda aka cuta ko shaidun gani da ido suka bayar tun farko ne ya warware su, ba wata basira irin ta fim ba. In a can da suke da ɗakunan gwaji da kundin zanen yatsu haka abin yake, ina ga IPO ɗinmu, wato ɗan sandan da ke binciken kes, da sau da yawa ko takardar rubuta sitetimen da kuɗin motar zuwa wurin da abin ya faru sai ya nema a wurin mai ƙara.

Akwai wata fahimtar da ta ci rayuka, cewa asibiti ba zai taɓa wanda aka harba ba sai da takardar 'yan sanda. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi ya fara yi masa magani nan take ko da takarda ko babu, daga baya asibitin ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu. Duk wanda ya san wannan ya faɗa wa na kusa dashi.

Kuma ba duk mai kaki bane ɗan sanda, a hanya ɗaya za ka haɗu da 'yan Road Safety da sibil difens da jami'an NDLEA da kwastan da masu duba lafiyar mota da 'yan sa kai, kowa da hukumarsa da iyakar ikonsa, amma in an tashi bada labari sai a ce 'yan sanda sun tare mu. In baka san wanda ya cuce ka ba, ina za ka kai ƙara?

Masu cewa 'yan sanda basa komai sai karɓar na goro, ina so su tuna 16 ga Yuni 2011 da aka kai harin bam hedikwatar rundunar a Abuja, da 20 ga Janairu 2012 da aka afka wa ofisoshinsu a Kano har da hedikwatar shiyya ta ɗaya, da watan Mayu 2013 da aka kashe gommansu a Alakyo ta jihar Nasarawa a fita ɗaya. Waɗannan mutane ne masu 'ya'ya, kuma matansu da yawa sun sha wahala kafin haƙƙin mazajensu ya fito. Waɗanda suka kai ritaya kuma sun sha fitowa zanga-zanga suna neman a cire su daga tsarin fansho na karo-karo kamar yadda aka cire sojoji, saboda abin da ake basu bayan shekara 35 baya riƙe gida. Tun a 2002 ƙananan 'yan sanda suka taɓa tafiya yajin aiki kan haƙƙoƙinsu, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Duk wannan baya goge abin da SARS, wato sashen yaƙi da 'yan fashi na rundunar, ta yi wa mutane har aka kai ga zanga-zangar Oktoba 2020 da rushe ta, kuma ita kanta wannan rushewar darasi ce kan maganar da na fara da ita, don jami'an ba korarsu aka yi ba, rarraba su aka yi zuwa wasu sassan. Abu biyun duk gaskiya ne a lokaci guda, rundunar tana zaluntar mutane, ita ma ana zaluntar na ƙasanta.

In ɗan sanda ya cuce ka akwai ƙofofi, ko da basa buɗuwa da sauƙi. Akwai sashen karɓar ƙorafi na CRU da aka kafa a 2015 zamanin da Solomon Arase yake IG, akwai PSC kanta, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kuma doka ta ɗora wa alƙalan majistare su riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata su duba waɗanda ke tsare. In an ce an ɗauke DPO, a tambaya an bashi takardar tuhuma? An tura fayil ɗinsa PSC? Yaushe za a kai shi kotu? 'Yan jarida ma su koma kan labarin bayan wata uku.

Yanzu ana ta maganar 'yan sandan jihohi, kuma tuni jihohin suka fara nasu ta bayan gida, Amotekun a Kudu maso Yamma tun 2020, Katsina ta ƙaddamar da dakarunta na sa ido a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024. Masu goyon baya suna kawo misalin Ingila da Wales da ke da runduna 43 ta yankuna, da Amurka mai hukumomin 'yan sanda wajen dubu 18, kuma ni ma ina ganin ƙasa mai girman Najeriya ba za a ci gaba da juya tsaron kowane ƙauyenta daga ofis ɗaya a Abuja ba. Kafin a yi sai an gyara kundin tsarin mulki, kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Abin da zan fara nema a cikin gyaran shine layin da ya yi maganar fostin, wa zai naɗa kwamishina, shekara nawa aka yanka masa da ba za a iya taɓa shi ba sai da dalili a rubuce, wa zai tura DPO kuma wa zai iya cire shi. In aka bar wannan a hannun gwamna shi kaɗai, DPO ɗin da ya ƙi tarwatsa taron 'yan adawa ranar Asabar, ranar Litinin sigina za ta same shi, kuma jihar da ma'aikatanta ke bin bashin albashin wata da watanni ita ce za ta riƙe albashin mutum dubu goma masu bindiga.